Yaran da Ba Su Shiga Takarda Ba

"Ɗari da talatin da ɗaya," in ji Malam Lirwanu, jami'in ofishin ilimi da ya zo daga Shagari, ya rufe takardar. "Ƙa'ida ɗari da hamsin ta, Maigari. In ba su cika ba, ba makaranta."

Zulaihatu na tsaye a gefe. Ita Maigari Bawa ya sa ta ƙirga yaran ƙauyen, don ita kaɗai ce macen da ta gama sakandare, kuma ita ke iya shiga kowane gida. Shekara uku suna neman makarantar nan. Duk damina rafin da ke tsakaninsu da makarantar Dandin Mahe yakan cika, yara su ɗora littattafai a ka su ratsa. Bara saura ƙiris ya tafi da biyu.

"Ranka shi daɗe, ɗiya sun yi muna yawa har ba mu da wurin zuba su," in ji Maigari.

"Ni abin da anka rubuta nika gani. Ina sallame azahar zan wuce wajen Mandera, su ma suna so."

Maigari ya juyo ya dubi Zulaihatu.

Ta ɗauki takardar ta koma gindin bishiyar bedi tana bin gidaje da yatsa. Gidan Murtala, uku. Ai huɗu take gani a ƙofarsa. Gidan Daso, biyu. Ina dogon yaron nan mai kiwon tumaki? Ta gangaro kan gidanta: Hassan, Sumayya.

Yatsan ya tsaya.

Babbar 'yarta ba ta ciki. Tun yaye yarinyar ke ɗakin kakarta Inno, kuma shekara tara Zulaihatu ba ta taɓa kiran sunanta ba, saboda kunyar ɗan fari. Iyaye mata ta bi tana tambaya, kowace ta tsallake na farinta, ita ma da hannunta ta tsallake. Tsofaffi kuwa ba ta ko leƙa su ba.

Ta kwasa da sauri, mayafi na jan ƙasa.

"Inno, tashi. A tara min tsohhi, kowace da jikan da taka riƙo."

"Yau kuma munka yi amfani?" Inno ta laluba sandarta. "Da kika yawonki da biro, ko sannu."

Ladan ya kira salla. Zulaihatu ta tsuguna bayan masallaci, takarda a gwiwa, tsofaffi na turo yara suna faɗin suna, tana rubutawa. Aka sallame. Direban jami'in ya ta da mota.

Malam Lirwanu ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ya ƙirga sababbin sunayen, ya ƙirga kawunan.

"Sha takwas a rubuce. Ɗari da arba'in da tara ke nan. Amma kai sha tara nika gani. Waccan mai jan kallabi hwa?"

Zulaihatu ta dubi Inno, ko za ta fisshe ta. Tsohuwar ta kau da kai tana gyaran goro a baki.

"Biro na hannunki, malamar ƙirga."

Maza sun cika ƙofar masallaci, har da surukinta. Zulaihatu ta sunkuya ta rubuta haruffa biyar, ta miƙa.

"Ramla," Malam Lirwanu ya karanta. "Ɗiyar wa ta?"

"Tawa ta," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa.

Tsofaffi suka kwashe da dariya, wata har da tafa hannu. Yarinyar kuwa ta ƙura wa uwarta ido.

Malam Lirwanu ya ɗaga wa direba hannu, motar ta mutu. Ya sa ɗayan takalmin.

"To, Maigari. Mu tahi in ga hilin."