Gabas da Ɗorawa

"Zahara'u, ƙarar mene ne wannan?"

Inna Mairama ce ta tambaye ni tana kwance a kan tabarma, ni kuma ina fama in samu ta sha koko ko da ludayi ɗaya ne. Tun hantsi ƙarar ta cika unguwa, har kwanukan da ta jera a jikin bango suna rawa.

"Injin markaɗe ne, Inna. Wani ne ya kafa sabo a bakin layi."

"Markaɗe," ta ce, ta lumshe ido. "Mutanen nan ba sa gajiya da ci."

Ba markaɗe ba ne. Injin yankan itace ne, kuma ɗorawar da ke cikin filin Alhaji Barau ake kayarwa, nan bayan ɗakinta. Da idona na ga ma'aikatan sun shiga lokacin da na fita zubar da shara. Na tsaya riƙe da kwando kamar wata doluwa, na rasa wanda zan yi wa magana, sai na dawo na ɗora tukunyar koko.

Mu baƙi ne a wannan unguwa, kamar kowa. Daga Gwaram muka taso lokacin da aka yi wa mijina, Malam Badamasi, canjin makaranta zuwa Birnin Kudu. Muka sayi rabin fili a bayan gari muka gina. Abu ɗaya muka tarar wanda ya girmi unguwar, shi ne gidan Inna Mairama, ɗakuna biyu na ƙasa da dangar kara, an matse shi tsakanin katangun bulo.

Ita ta ba ni labarin wurin, ko na tambaya ko ban tambaya ba. Ta ce sa'ad da aka kawo ta amarya, nan ruga ce. Daga ƙofar ɗakinta duwatsu kawai take gani, sai hayaƙin gari can nesa. Takan ɗauki ƙwaryar nono ta yi ta tafiya, ba ta isa kasuwa sai rana ta ɗaga. Daga baya aka faɗaɗa titi, asibiti ya girma, ma'aikata suka yi ta zuwa da iyalansu, masu shaguna suka biyo su. Aka yanka gonaki filaye, burtalin shanu ya zama layi. Da shanu suka rasa ta inda za su bi zuwa mashaya, ɗanta Ismail ya kora su wajen Fagam. Ya yi juyin duniya ta bi shi, ta ƙi.

Dalilinta ɗaya ne. Mijinta Buba yana nan kwance gabas da ɗorawa, inda aka binne shi kusa da gida yadda suka saba a wancan zamani. Filin ya bi hannu da hannu har ya faɗa wurin Alhaji Barau, wani ɗan kasuwa mazaunin Kano, ya zagaye shi da katanga ya sa ƙofar ƙarfe. Tun daga nan kan bishiyar kawai take iya gani. Kullum da yamma sai ta kifa turmi ta zauna tana kallon balbelu suna sauka a kanta.

"Inna, har yanzu zancen bai ƙare ba?" nakan tsokane ta ta kan danga. "Tsohon nan bai sallame ki ba?"

"Ke dai riƙe naki malamin, mai alli a gaban riga," takan ce. "Nawa ko a kwance ya fi naki tsayi."

Da ciwo ya fara kwantar da ita a farkon damina, ta kama hannuna wata rana ina shafa mata man zafi a gwiwa.

"'Yata, ke ce kusa. In na tafi, ki gaya wa mazan, gabas da ɗorawa. Kada su kai ni cikin mutanen da ban sani ba."

Na ce to. Me zan ce?

Bayan an kayar da bishiyar sai aka tono kututturen. Tifofi suka yi ta shiga da jar ƙasa, katafila ta zo ta baje ta. Aka ce ɗakunan haya za a gina wa ma'aikatan asibiti. Na ce wa Malam ya nemi mai filin ya faɗa masa akwai kabari a ciki. Ya ce zai nema. Ya samo lambarsa a wurin birkilan da ke aikin ginin, ya kira ba a ɗauka ba, jarrabawar ɗalibai ta taso, magana ta bi ruwa. Na yi mita har na gaji da jin muryata.

Duk ranar da Inna ta ce a fito da ita ta sha iska, sai in riga ta fita in baza zannuwa a kan igiyar shanya ta wajen katanga, ko da busassu ne.

"Wankinki ba ya ƙarewa," ta ce wata rana.

"'Ya'ya ne, Inna. Kamar a kwata suke kwana."

Ta daɗe tana kallon zannuwan. Sannan ta ce, "Balbelu sun daina zuwa."

"Damina ce. Sun bi shanu."

"Haka ne," ta ce. "Mai da ni ciki, ina jin sanyi."

Daga ranar ba ta sake cewa a fito da ita ba, kuma ba ta sake ambaton ɗorawa ba. Ni ma ban ɗauko zancen ba. Ina kai koko, ina kwashe kwano, ina share ɗaki, muna hirar tsadar gero.

Ranar wata Laraba da safe na shiga da sallama, ba ta amsa ba. Tana kwance ta gefen dama, hannunta ƙarƙashin kunci, jikinta bai gama sanyi ba. Na ajiye kwanon a inda na saba ajiyewa. Na jira kuka ya zo, bai zo ba. Ban ji komai ba. Na leƙa na kira Sharifa, ma'aikaciyar jinya da ke haya a gidan da ke kallonmu, ta zo ta duba, ta ja mayafi ta rufe mata fuska.

Mu muka yi mata wanka, ni da Sharifa da matar liman. Ismail ya iso a kan babur kafin azahar, ƙafafunsa duk laka. Na sa aka kira min shi da Malam zaure, na faɗa musu abin da ta bar min.

Malam ya sake kiran lambar nan, ni kuma na shirya maganganun da zan yaɓa wa mai filin idan ya hana. Sai ga shi ya ɗauka. Ina jin muryarsa ta cikin wayar.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kabari a filina? Wallahi Malam ba wanda ya taɓa gaya min. A buɗe muku yanzu. Ku nuna wurin, ku sa ta kusa da mijinta, ni kuma zan bar wannan ɓangaren, ba zan yi gini a kai ba."

Ban san inda zan kai faɗan da na tanada ba. Na koma cikin mata na zauna.

Ba a jima ba Malam ya yi sallama a bakin danga.

"Zahara'u, sa mayafinki ki zo. Ke ake jira."

Ban taɓa shiga filin ba sai ranar. Fili ne fetal, jar ƙasa daga katanga zuwa katanga, an daddale ta. An ja igiyoyi, an haƙa ramukan harsashin gini, ruwan sama ya kwanta a cikinsu. Ga tulin yashi, ga bulo an jera. Ko saiwa ɗaya ba a bari ba. Maza suna tsaye da diga da shebur, suka buɗa min hanya.

Mai unguwa ya ce, "Malama, an ce ke marigayiya ta bar wa wasiyya. Ina ne?"

"Gabas da ɗorawa."

"To, ina ɗorawar take?"

Na ɗaga kai ina neman inda na saba ganin rassanta daga tsakar gida. Daga nan ciki komai ya juye min. Rassan sun kai faɗin gida guda, gindin zai iya zama nan, zai iya zama can.

Aka tambayi birkila, ya ce shi bayan an baje ƙasa aka ɗauko shi. Masu yankan kuwa 'yan wani gari ne, sun sayi itacen sun tafi. Mai unguwa ya ce shi kansa daga Wurno ya dawo, ya tarar da katangar a tsaye. Liman ɗan Kwandiko ne. Aka bi mutanen da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya riga katangar zuwa. Sai kowa ya juya ga Ismail.

"Ina goye aka binne shi," ya ce. "Na san akwai duwatsu da ta jera." Ya yi ta tura ƙasa da takalminsa, ya matsa gaba ya sake turawa.

Liman ya ce ba a haƙa da ka, kada a je a tone bawan Allah, kuma ba a ajiye gawa. Ya dube ni da tausayi. "Malama, ki ƙara tunawa."

"Ban sani ba," na ce. "Ita kaɗai ta sani."

Bayan la'asar aka sallace ta a ƙofar gidanmu, aka ɗora makara a bayan motar ɗaukar kaya zuwa makabartar gari, saboda da nisa. Na tsaya a zaure har motar ta sha kwana wajen shagon caji.

Da mata suka watse na shiga gidanta in rufe ɗaki. Zannuwana suna nan a kan igiya. Na sauke su ɗaya ɗaya ina ninkewa, sama ta buɗe wayam a bayan katanga. Na zauna a kan turminta da zannuwan a cinyata.

Dab da magariba wasu balbelu suka taso daga wajen duwatsu. Suka kewaya saman filin, suka sake kewayawa. Sannan suka sauka suka jeru a kan bulo.