Jan Biro a Takardar Mai Aski

Wata shida ke nan injin askinsa na kulle a durowa. Tun ranar da aka ce yana da ciwon hanta, irin wanda ake kira C, kuma ta jini ake ɗauka, Mai Aski ya rantse ba zai sake taɓa kan kowa ba sai ya warke. Likita ya ce ba sai ya bar aiki ba. Bai ji ba. Ƙanensa ya riƙe shagon, yana ta yi wa kawunan mutane ta'asa.

Ya shanye magani, ya jira, aka ɗebi jini. Yau aka miƙo masa takarda biyu. A ta saman an zagaye wata lamba da jan biro. Kitsen jini ne, in ji mai gwajin, ya hau. Da can ƙasa yake.

Ko ta biyun bai buɗe ba. Ya zube a benci.

"Yaya, ciwon ya dawo," ya ce wa yayarsa da ta rako shi.

"Kai da ko sunan maganinka ba ka iya faɗa, yau ka zama likita? Tashi mu shiga."

Likita ya duba ta farko, ya ɗaga ta biyu, ya yi murmushi.

"Malam, hanta ce ke loda kitse tana turawa cikin jini, kamar motocin kaya. Ƙwayar cutar nan a cikin kayan take maƙalewa ta fita, har ta cushe hanya. Sai kitse ya taru a hanta, na jini ya ragu. Yanzu hanya ta buɗe, shi ya sa ya hau."

"Ita ƙwayar fa?"

"An nema, babu ita. Ka warke. Sai dai ka rage soye-soye, za mu sa wa kitsen nan ido."

Yaya ta kai masa duka a kafaɗa. "Ka ji ko, sarkin zullumi? Saura kaɗan mu yi wa albishir zaman makoki."

Mai Aski ya sa hannu a aljihu, ya shafo mukullin durowa. Likita ya juya zai ɗauko fayil, ƙeyarsa ta bayyana, gefe tudu, gefe kwari.

"Likita, don Allah wa ya yi maka askin nan?"

"Wani ne a shagon bayan asibiti. Lafiya?"

Yaya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Ƙanena ne," in ji Mai Aski. "Ka zo gobe da safe. Ni zan gyara."