Gidan da Aka Hana Mai

Maigidan ya ce a harkar lafiya ya fi likitoci goma, don su a takarda suka karanta, shi kuwa a waya ya gani da idonsa. Cajar waya yake sayarwa a bakin titi, amma a gida sai dai a kira shi Dakta. Ranar da ya sayo injin markaɗe ya kafa doka: mai guba ne, ko ɗigo kada ya ƙara shiga tukunya. Safe ruwan karas, rana dafaffen ganye, yamma ruwan karas.

"Shanye, Auta. Idonki sai ya fi fitilar mota," in ji shi ga ƙaramar 'yarsu.

Matarsa ba ta musa ba. Sai dai kwanan nan, rana na faɗuwa Auta ke kama bango tana lalube. Jiya ta yi karo da bokiti, yau da ƙofa. Uwar ta ɗaga fuskarta, ta ga idon ya bushe kamar ba a taɓa kuka da shi ba.

"Dakta, yarinyar nan fa ba ta gani da magariba."

"Dattin jiki ne ke fita. Ƙara mata kofi ɗaya."

Washegari yana fita, ta saɓa Auta sai asibiti.

*

"Dundumi ne," in ji likitar, bayan ta ba yarinyar magani. "Abin da ke gyara ido a karas, jiki ba ya ɗaukarsa sosai sai da ɗan maiƙo. Ki riƙa sa mata ko cokali ɗaya a abinci. In aka yi sake, idon na iya tafiya."

*

Da magariba maigidan ya dawo. Matar ta faɗa masa abin da likitar ta ce, hannunta na kan jakar da ta ɓoye kwalbar man da ta sayo a ciki.

Ya ƙyalƙyale da dariya. "To ni fa? Rabona da mai tun da na sayo injin nan. Amma yanzu ba ni allura, a duhun nan zan zura miki zare!"

Auta ta lalubo bango har ta rungume ƙafarsa. Ta shinshina rigarsa.

"Na san Baba ne. Kullum da ƙanshin soyayyar kaza yake dawowa."

Uwar ta kunna fitila. A gaban rigar Dakta akwai tabon mai, bai ma bushe ba. Auta kuwa tana ta yi wa bango murmushi.