Karcen Baba Mai Makulli

Malama ta juya kwamfutar hannun zuwa hasken taga ta sake dubawa, ko idonta ne ke yi mata gizo. Ba idonta ba ne. Gefen da alƙalamin rubutu a kanta ke mannewa ya karce, layi siri-siri a jere, fentin ya fara ɗayewa har farin ƙarfen ya leƙo. Ta shafa da babban yatsa, ta hura, ta goge da bakin mayafi. Karcen yana nan daram.

Baba Mai Makulli, maƙwabcinta, yana jingine da matasai a kan gadonsa yana kallonta. Tun da aka yi masa aiki a maƙogwaro magana ta ɗauke, amma idonsa ba ya barin komai ya wuce. Ya miƙo hannu ta ba shi, ya zare alƙalamin ya rubuta da manyan baƙaƙe: "Fuskarki ta canja." Ta ce babu komai, ta yi wani murmushi da ita kanta ba ta yarda da shi ba, ta ce za ta kai a duba mata shi ne kawai ta dawo.

Sai ka san Malama kafin ka san girman abin. Mace ce da har yau ba ta cire ledar kujerun falonta ba, kuma Baban ne da bakinsa ya raɗa mata suna Tsaf-tsaf. Ta daɗe tana burin wannan kwamfuta kafin ta zo hannunta, da ita take zana hotunan da take koya wa yara a makaranta, ko maigidanta sai ya wanke hannu yake taɓawa. Amma ba wanda ya roƙe ta aro. Ranar da aka sallamo Baba ta tarar yana rubutu a takarda, matarsa Inna tana kai takardar har bakin hanci ba ta gani, don yanar ido ta rufe mata gani. Malama ta koma gida ta ɗauko. Da ya yi rubutu manya-manya a fuskar mai haske, sai ga Inna ta karanta da ƙarfi: "Shayin ba sukari." Ta ce to Alhamdu lillahi, mita ta dawo gida.

Akwai dalili. Satin da Malama ta tare a maƙwabtaka da shi, iska ta bugo ƙofa ta kulle da jaririyarta a ciki, ga tukunya a kan wuta. Tana ta ihu tana dukan ƙofa, wannan tsoho ya taso daga teburinsa na yankan makulli da 'yar waya a hannu, ya zura ta a ramin makullin har sai da ƙofa ta buɗe. Daga ranar ya zama Baba. Jaririyar yanzu tana jami'a, amma Malama ba ta taɓa jin ta gama gode masa ba.

Duk da haka karce karce ne, kuma ya yi mata ciwo.

Mai gyara, wani dattijo mai tabarau a goshi, ya goga alƙalamin a farin ƙyalle ya nuna mata. Ƙyallen ya yi baƙi.

"Malama, a maƙera kike ajiye shi?"

Ta ce a ɗakin mai yankan makulli ne, wanda ya ƙi yarda a raba shi da magagarinsa na goge ƙarfe, har a kan gado yake ɗan goge-gogensa. Mai gyara ya yi dariya ya ce magana ta fito. Maganaɗisu ne ke riƙe alƙalamin a gefe, shi kuwa maganaɗisu ba ya ganin garin ƙarfe ya ƙyale. Garin ya manne, duk lokacin da aka sa alƙalamin ko aka zare sai ya ɗan ci fentin. Ciki lafiya lau yake, kyan ne kawai zai tafi. Ya sa mata rigar roba mai rufe gefen, ya gwada, alƙalamin ya kwanta shiru ba ko motsi. Malama ta dawo da farin ciki, ta miƙa wa Baba, tana ganin ta raba gardama.

Washegari da ta taso daga makaranta ta tarar da Inna tana shanya zanin gado, idonta ja. Tari ne ya sarƙe Baba da hantsi, ya miƙa hannu ga kofi, kofin ya kife a jikinsa, ya daɗe cikin jiƙa Inna tana kicin ba ta sani ba.

"Ya yi ta kirana, 'yar nan, ban ji ba. Abin ne ya daina ƙara."

Malama ba ta gane ba sai da Inna ta yi mata bayani. Ashe ba don rubutu kaɗai yake riƙe da alƙalamin ba. In yana son ta, sai ya zare shi ya sake shi, maganaɗisu ya fizge, ya ce ƙas. Inna ta ce ƙarar ɗaya take da ta kwaɗo in an gwada masa sabon makulli, ita kuwa tun tana amarya take jin wannan ƙara daga zaure, ta san ya gama aiki zai shigo. Ko famfo na zuba kunnenta yana tsinto ta.

Malama ta shiga ɗakin ta ce za ta sayo masa 'yar ƙararrawa. Ya rubuta: "Ni ba akuya ba ne." Ta ce to cokali da kofi. Ya yi mata wani kallo, ya rubuta: "Tsaf-tsaf, ɗauki kayanki. Na ga ɓarnar da na yi. Ki yafe." Ya manna alƙalamin a rigar robar, shiru, ya turo mata kan bargo.

Da za a ce ba ta yi tunanin ɗauka ba, an yi ƙarya. Ta tsaya tana kallon abinta, ta san in ta bar shi gefen nan zai ƙare kamar gindin tukunya. Sai kuma ta ga hannun da ya turo shi, jijiyoyi duk a waje, baƙin ƙarfe ya zauna a layukan yatsun yadda sabulu ba zai fitar ba. Ta sa farce ta ɓare rigar robar, ta cusa a jaka.

"Baba, gwada mu ji."

Ya zare, ya saki. Ƙas. Daga tsakar gida Inna ta ce, "Na'am, ina zuwa."

Daga nan fa sai abin da ya ƙaru. Tsohon nan ya samu abin yi. Ya kira a gyara masa matashi, ya kira a rufe taga, ya kira a buɗe. Wani lokaci Inna ta baro wanke-wanke da kumfa a hannu ta tarar ya rubuta: "Ba komai. Na duba ne ko kina nan." Ta ce wallahi da da bakinsa yake wannan iyayin da ta san maganinsa, amma gobe ma da sauri take zuwa. Malama tana jin su ta tagar ɗakin da take aiki, ta koma zane da fensir a takarda kamar da. In ta shiga gaishe shi ba ta ƙara juya kwamfutar zuwa haske ba.

Sannu a hankali baƙaƙen suka fara karkacewa, sannan suka gajarce zuwa kalma ɗaya, ruwa, zafi, zauna. Daga baya rubutun ya tsaya, ƙarar ce kawai ta rage, Inna kuma ta iya fassara ta ba tare da an ce mata komai ba.

Wata safiya Malama na ɗaura takalmi Inna ta leƙo, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Zo ki duba min shi. Tun da na ba shi ruwa bai kira ba, ni kuma ƙafata ta ƙi shiga."

Baba yana jingine yadda aka bar shi, kansa ya ɗan karkata, alƙalamin yana cikin tafinsa. Malama ta rufe masa ido, ta zare alƙalamin a hankali ta ajiye a kan bargo, sannan ta fita ta kama Inna.

Bayan masu ta'aziyya sun ragu, Inna ta shigo da kwamfutar a naɗe cikin tawul. Ta ce ta ji da yatsa yadda gefen ya yi kaushi, kunya ta hana ta dawo da kayan mutane a haka, shi ne ta zauna ta gyara. Malama ta buɗe. Da soson ƙarfe Inna ta dirje shi, irin dirzar da take wa tukwanenta. Babu sauran fenti daga sama har ƙasa, gefen sai ƙyalli yake.

"Ya fita ko? Idon nawa ba ya gani."

Dariya ce ta fara zuwa wa Malama, kuka ya biyo ta a baya. Ta ce ya fita tas, ta gode, ta kuma gode. Inna ta ce ita ce da godiya, don ba domin wannan abu ba da mijinta ya tafi ba su yi ko faɗa ɗaya na sallama ba.

Malama ta koma aikinta. Sai dai in ta gama zane takan tare alƙalamin da yatsa ta kwantar da shi a hankali, don kada ƙarar ta tsallaka taga ta tayar wa tsohuwa da hankali. Ana nan, ran nan Inna ta tsaya a bakin tagar da tsintsiya a hannu ta tambaye ta ko abin ya lalace ne, ba ta ƙara jin sa ba. Malama ta faɗa mata gaskiya. Inna ta gyara ɗaurin tsintsiyar.

"Ki bar shi ya riƙa yi, 'yar nan. Gidan ya cika shiru."

Da yamma Malama ta gama zanen da za ta kai aji, ta saki alƙalamin. A tsakar gida Inna tana zaune a kujerarta tana ninke wanki. Hannunta ya tsaya a kan wata riga, ta ɗan juya kai wajen ƙofar ɗakin, sannan ta ci gaba da ninki.