Rikicin da Kwamfuta ta Hango a Horo Birni

Halimatu ta sake danna maɓallin, kwamfutar da ke kan cinyarta ta sake shafa wa taswirar Horo Birni jan launi, alamar rikici. Ta yi tsaki har direban motar Shagari ya waigo.

Shekara biyu ta kwashe tana gina ƙauyen nan a cikin na'ura saboda digirinta na biyu: manoma ɗari uku, makiyaya, gonakin gero, da burtali guda da noma ya cinye gefensa. Duk sanda ta sa damina ta sauka a ciki, sai shanu su faɗa gona, rikici ya tashi kafin girbi. To ga shi a ƙauyen na gaske an yi girbi an gama, ko zagi ba a yi ba.

"Lissafinki ya ce za a yi faɗa, ba a yi ba," in ji Dakta Ja'afar, malamin da ke duba aikinta, kafin ta taso. "Me zan sa wa hannu? Ki nemo kuskuren kafin Litinin, ko ki jira baɗi."

Da ta isa, ta iske mai gari, Malam Mode, a ƙofar gida ana auna masa wake. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, shanun ba su biyo ta burtalin ba ne bana?"

"Sun biyo, ɗiyata. Har sun hi na bara yawa."

"To yaya aka yi ba su shiga gonaki ba?"

Ya dube ta da mamaki. "Ashe kin mance? Ke kinka nuna muna jan nan da bazara. Kwana ukku ban yi barcin kirki ba. Sai na kira Arɗon makiyaya, munka taka burtalin da ƙahwa. Mutum bakwai sunka janye shukassu, har da ƙanena, da har yau bai yi min magana ba."

Halimatu ta zauna a ƙasa. Ta sa ruwan sama a lissafinta, ta sa shanu da yunwa da fushi. Ba ta sa ranar da ta buɗe kwamfuta a gaban mai gari ba.

"Aikin naki ya yi kyau ko?" ya tambaya.

"Sun ce ya faɗi, ranka ya daɗe."

"Assha." Ya matso da tabarmarsa. "To buɗe muna na baɗi mu gani."

Ta daɗe tana kallon murfin kwamfutar. Sannan ta buɗe.