Gaskiyar da Mahdi Ya Faɗa wa Klaudiya

Wutar da ta ci kasuwar Katako lokacin rikicin addini a ƙarshen shekarar 2008 ba ta bar wa Mahdi komai ba sai makullin rumfarsa, shi ma don a aljihunsa ya kwana. Shekara ashirin da biyu yana sayar da falanki da katakon tu-bai-fo a wurin. Da aka sassauta dokar hana fita ya je ya tsaya a kan toka, ya kasa gane inda rumfarsa ta ƙare ta maƙwabcinsa ta fara.

Abu ɗaya ya rage masa, shi ma ba na faɗa a gaban mutane ba ne. Mahdi yana taɓa cacar ƙwallo ta intanet. Hyginus, wani Ibo mai kafen intanet a bayan kasuwar Taminus, shi ya buɗe masa asusu a wani kamfanin Turai, shi ke danna masa komai, don Turancin Mahdi na ciniki ne, bai kai na rubutu ba. Yawanci cinye shi ake yi. Amma sati biyu kafin rikicin ya haɗa wasa bakwai, duk bakwai ɗin suka shigo, dala dubu biyu da ɗari uku suka zauna a asusun. Kuɗin sun isa a kafa rumfa, a sauko da rabin motar katakon afara daga kudu, mutum ya sake tsayawa da ƙafarsa. Ban da su, sai dai ya koma yi wa wani aiki yana ɗan shekara arba'in da bakwai.

Ranar wata Litinin da hantsi ya zauna kusa da Hyginus, aka buɗe wurin da ake magana da masu kula da abokan hulɗa. Hoton wata Baturiya ya fito tana murmushi, da abin magana a kunne. An rubuta sunanta Klaudiya.

"Ka gaishe ta tukuna," in ji Mahdi. "Ka tambaye ta aiki da iyali."

"Oga, wannan ba ya son gaisuwa. Faɗa abin da kana so kawai."

"Na ce ka gaishe ta. Ba a faɗo wa mutum haka kamar ɗan sanda."

Hyginus ya gaishe ta. Klaudiya ba ta amsa gaisuwar ba. Ta ce kafin a fitar da kuɗi sai an turo takardar wuta mai ɗauke da sunansa da adireshin da ya bayar ranar buɗe asusu.

Nan matsalar take. Ranar buɗe asusun ya ji tsoron wata rana ambulan mai tambarin caca ta sauka a gidansu, inda yayansa ne ladanin unguwa, matarsa Ummusalma kuma ba takardar da take wuce ta ba ta kai an karanta mata ba. Sai ya ba da adireshin Rwang, wani kafinta Kirista a Tudun Wada da ya shekara goma sha biyar yana sayen katako a hannunsa. A lokacin abin dariya ne. Rwang cewa ya yi, "Ka ci ka ba ni kashi goma, ka faɗi ban san ka ba."

Mahdi ya sa Hyginus ya rubuta labarin gobarar kaf, har injin yankan katakon da ya narke. Amsa ta dawo kafin ya gyara zama.

"Me ta ce?"

"Ya ce sori don ɗan damuwa da ka samu. Ka turo takardar wuta."

"Ɗan damuwa? Ka dai rubuta mata gobara ce?"

"Na rubuta, oga. Sau biyu."

Washegari sunan ya koma Ana, hoton kuwa shi ne dai na jiya, murmushin bai ragu ba. Ana ba ta san an yi wata magana jiya ba, sai da aka sake labarin daga farko. Mahdi ya ce a haɗa shi da ogansu. Ta ce an miƙa batunsa ga sashen da ya dace, ya jira kwana uku. Ya jira biyar. Ya sayi katin waya na dubu ɗaya ya kira lambar da ke ƙasan shafin, aka sa masa kiɗa mai sanyi, wata murya tana katsewa tana cewa kiransa yana da muhimmanci a wurinsu, har katin ya ƙare ba ɗan Adam ɗin da ya ce masa uffan.

A sati na uku Hyginus ya jawo kujera ya rage murya. "Oga, bari na gyara maka bil ɗin NEPA a kwamfuta. Na cire sunan wani, na sa naka. Minti goma. Haka kowa yana yi."

Mahdi ya dube shi sama da ƙasa. "Ni? Ka je Katako ka tambaya ko na taɓa sayar wa wani ɗanyen katako na ce busasshe ne. In rigima ta taso a kasuwa, gaban shugaba ake zuwa. Ka faɗi yadda aka yi, ka kawo shaidarka, a sallame ka. Kuɗina ne, ba sata na yi ba. Me zan ɓoye mata?"

"Wannan ba shugaban kasuwa ba ne."

"Ai mutum ce. Tana da kunne."

Kawo shaidar ne aikin. Tun rikicin bai kira Rwang ba, Rwang bai kira shi ba. Ba faɗa suka yi ba, kowa dai bai san da wace kalma zai fara ba. Mahdi ya yi kwana biyu yana duba lambar kafin ya danna.

"Mahdi? Kana da rai, mutumina?"

"Ina nan. Ya madam da yara?"

"Muna nan. Na ji labarin Katako. Na so in kira. Ban kira ba."

Mahdi ya faɗa masa buƙatarsa. Rwang bai yi gardama ba, sai dai ya ce madam ba za ta san inda za shi ba. Ranar Alhamis da rana ya hau acaba, ya wuce shingen sojoji uku, ya shigo kafen da takarda ninke a aljihun gaba. Ya rame. Suka yi musabaha suka daɗe ba su saki hannu ba, kowa yana kallon wani wuri.

"Kashi gomana fa yana nan," in ji Rwang.

"Kai da ka ce ba ka san ni ba?"

"Ai ka ci. Yanzu na san ka sosai."

Da aka buɗe takardar wutar, sunan da ke kai ba na Rwang ba ne ma, na mahaifinsa ne, Da Pwajok, wanda ya rasu tun zamanin soja. Ba wanda ya taɓa tunanin canzawa, tunda wutar ma ba kullum take zuwa ba. Rwang ya yi sakandare, don haka ya karɓi biro ya rubuta wasiƙa da hannunsa: gidan na mahaifinsa ne, Mahdi ba ya zaune a ciki, aron adireshin ya ba shi don abota, kuma ya shaida mutumin kirki ne da ba ya cin haƙƙin kowa. Ya sa hannu. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa gaban 'yar kyamarar kwamfuta riƙe da takardun, Mahdi ya gyara hularsa.

Hyginus ya ɗora yatsa a kan maɓalli bai danna ba. "Oga, ka tabbata?"

"Tura."

Wannan karon ba su sa shi jira ba. Da safe amsa tana nan. Hyginus ya karanta a zuci, ya sosa ƙeya, ya sake karantawa.

"Sun gode da bayani. Sun ce tunda kai da bakinka ka yarda adireshi ba naka ba ne, ka karya doka lamba goma sha ɗaya. Sun rufe asusu. Kuɗin da ka ci ya zama nasu."

"Kira min Klaudiya."

Klaudiya ce kuwa ta fito, da murmushinta. Mahdi ya miƙe tsaye yana magana da allon kai tsaye, har masu duba saƙonni a sauran kujeru suka juyo. Ya ce mutum ya ratso sojoji ya zo ya tsaya masa. Ya ce lokacin da ake cinye masa kuɗi wata takwas ba wanda ya tambaye shi inda yake kwana. Hyginus yana bugawa da sauri, yana tsallake zagin. Ta amsa da layi biyu: hukuncin sashen tsaro ba a ɗaukaka shi, kuma ko akwai wani abin da za ta iya taimaka masa da shi yau? A ƙasa taurari biyar suka fito, ana roƙonsa ya zaɓi yadda ya ji daɗin hidimar.

Hyginus bai karɓi kuɗin awa ba ranar. Bai kuma ce ai na faɗa maka ba, amma Mahdi ya gani a fuskarsa.

Ranar Asabar ya koma Katako. Badruddeen, wanda ya koyi awon katako a hannunsa shekarun baya, ya riga ya kafa sabuwar rumfa da kwano mai ƙyalli. Ya tashi ya ba Mahdi kujera, yana ta "Baba, Baba." Mahdi bai zauna ba. Ya ce aiki yake nema. Badruddeen ya sunkuyar da kai, ya ce akwai mota tana jiran a sauke, masu dako biyu ba su zo ba, amma wannan ai ba aikin Baba ba ne.

Mahdi ya tuɓe rigarsa ta sama ya rataye a ƙusa. Yana saɓe da falanki na huɗu wayarsa ta fara ƙara a aljihun rigar. Ya san Rwang ne, zai tambayi ko kuɗi sun fito. Ya wuce ta gaban rigar da katakon a kafaɗa, ya je ya ajiye, ya koma ɗauko na biyar.