Rabin Mitar da Tela Ya Cire

Masana'antar ɗinki na neman mai yanka, kuma Auta ya gaji da ƙaramin shagonsa mai keken ɗinki ɗaya da fankar da ba ta juyawa. Almakashi ba ya ba shi tsoro. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne jarrabawar lissafi: tambaya goma, sai ka ci bakwai.

Yayarsa, malamar lissafi, ta biyo ta shagon bayan an tashi makaranta. Ta ture tsummokara daga kan benci ta zauna.

"Rubuta. Kana da yadi mita talatin. Riga na cin biyu, wando uku. Ban ce ka warware ba, tsara min kawai."

Ya ɗauki allin da yake zana yadi, ya rubuta a kan tebur: 2r + 3w < 30.

"Ina ɗan layin ƙasan alamar?"

"Wane layi kuma?"

"Yadda ka rubuta, ka ce bai kai talatin ba. Da layin, ≤, ka ce bai wuce talatin ba. Yana iya cinye yadin duka."

Auta ya yi dariya. "Yaya, wane tela ne ke cinye yadi duka? Bakinsa a karkace yake zuwa. Rabin mita na shara ne."

"Yadin takarda ba shi da baki, sarkin taurin kai. Sa layin."

"Ke da ko maɓalli sai kin kawo min."

"Sa layin, na ce."

Kwana huɗu yana sa layi, a tebur, a bango, har a bayan kwalin zare.

Ranar jarrabawa aka zaunar da su su goma sha biyu a ɗakin cin abincin ma'aikata. Tambaya ta ƙarshe ta zo kamar an aiko masa: yadi mita arba'in, siket na cin biyu, kwat huɗu. Ya rubuta, ya ja layin a hankali, ya sake bi ta kansa da biro har ya yi kauri.

Da rana aka mayar musu da takardunsu. Shida ya ci.

Ya iske Yaya a ƙofar shago ya miƙa mata takardar. Ta bi da yatsa har ƙasa, ta tsaya a ta goma. Layin na nan, baƙi ƙirin. A gabansa an rubuta 39½.

"Auta, ina ka kai rabin mita?"

Ya karɓa ya duba. Rubutunsa ne, amma bai tuna lokacin da ya cire ba.

"Bakin yadi," ya ce.

Ya buɗe shagon, ya shimfiɗa yadin wani direba da ke jiran wando tun makon jiya, ya daidaita gefen da ya karkace, ya sa almakashi.